Ɗinki ko Datsewa: Bitar Bincike kan Tiyatar Yagewar Guringuntsin Gwiwa

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar muhimman binciken da aka wallafa kan tiyatar meniskas, wato guringuntsin nan biyu masu siffar jinjirin wata da ke kwance tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta nuna cewa gurbin yagewar da sanadinta su ne ke fayyace ko a ɗinke, ko a datse, ko a ajiye wuƙa.

Gabatarwa

A 1883 Thomas Annandale ya ɗinke wa wani mai haƙar ma'adinai guringuntsin gwiwa a Edinbura, mutumin kuma ya koma bakin aiki bayan mako 10. Duk da haka, likitocin ƙashi suka shafe shekaru da dama suna cire guringuntsin ɗungurungum, domin sun ɗauka ba shi da wani amfani. Fairbank ne ya taka musu birki a 1948, da ya nuna a hoton ƙashi yadda tazarar gaɓar ke tsukewa, kan ƙashin cinya kuma ya baje, bayan an cire shi. Gwajin da Baratz da abokan aikinsa suka yi a kan gwiwoyin gawa a 1986 ya bayyana dalili: filin da ƙasusuwan ke haɗuwa ya ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari, don haka nauyin jiki ya tattaru a ɗan ƙaramin wuri. Ƙarshen wannan shi ne amosanin gaɓa.

Jini da Warkewa

Nan ne gizo yake saƙa. Arnoczky da Warren sun gano a 1982 cewa hanyoyin jini ba sa wuce kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin guringuntsin, daga gefen waje. Daga nan aka kasa shi uku: jan yanki, da ja-da-fari, da fari. Yagewar da ta faɗa a jan yanki, musamman wadda ta bi tsawo, tana kamewa idan an ɗinke, saboda jini na kai mata abin da za ta haɗe da shi. A farin yanki kuwa, zare zai riƙe nama ne kawai, da wuya ya warke. Rawar da jini ke takawa ce ta sa ɗinkin da aka haɗa da gyaran jijiyar giciye ta gaba yakan fi kamawa, tunda hujin da ake yi wa ƙashi yana kwararo jini da ɓargo cikin gaɓar.

Tun da Hiroshi Ikeuchi ya fara ɗinkin ta na'urar leƙa gaɓa a Tokyo a 1969, an samu dabaru uku: daga ciki zuwa waje, daga waje zuwa ciki, da wanda ake gamawa a ciki kacokan. Bitar da Nepple da abokansa suka yi a 2012 ta nuna kusan kashi 23 cikin ɗari na ɗinkin kan warware idan an bi majinyata shekara biyar ko fiye. Adadin ba kaɗan ba ne, amma a ganin wannan maƙala kasada ce da ta cancanta ga matashi.

Yagewar Tsufa

Labarin dattijo daban yake. A binciken da Sihvonen da abokansa suka wallafa daga Finland a 2013, an kasa majinyata 146 masu shekara 35 zuwa 65 gida biyu: wasu aka datse musu guringuntsin, wasu aka yi musu tiyatar jeka-na-yi-ka, wato ba a datse musu komai ba. Bayan wata 12 ba a ga bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu ba.

Jinya

Akwai batun da rubuce-rubucen Turai ba su cika damuwa da shi ba. Bayan ɗinki akan hana majinyaci lanƙwashe gwiwa sosai har tsawon wata huɗu zuwa shida, alhali tsuguno a bayan gida da zaman tahiya abubuwa ne na kullum a wajen Bahaushe. Wajibi ne likita ya tattauna sallar zaune da majinyaci tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Kammalawa

Yagewar rauni a jan yanki ɗinki ya dace da ita, ko da jinyar ta yi tsawo. Yagewar tsufa da ba ta kulle gwiwa ba, a fara mata da gashi da motsa jiki.