Cire Kik ɗin Mota a Gida: Nazari Kan Tsarin Aiki da Haɗarinsa

Kik shi ne injin lantarki ɗan ƙarami da ke murza babban inji idan aka murɗa makulli. Yawanci noti biyu ko uku ne kawai ke riƙe da shi, shi ya sa mai mota ke ganin zai iya sauke shi a ƙofar gida. Zai iya kuwa, amma nasarar aikin ta rataya ne a kan abin da ya yi kafin sifana ta taɓa noti.

Yadda yake aiki

Kafin shekarar 1912 da hannu ake juya inji, kuma idan ya mayar da martani yakan karya hannun mai juyawar. A shekarar ce kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki wanda Charles Kettering da abokan aikinsa suka ƙera. Har yau tushen bai canza ba. Makulli na aika ƴar wuta ta siririyar waya zuwa solonoid, shi kuma ya tura ƙaramin haƙori, wanda makanikai ke kira bendis, cikin haƙoran fulawil ɗin babban inji, ya kuma haɗa babbar wutar batir da kik ɗin. Batirin na volt 12 ne, amma a wannan ɗan lokacin kik na jan amfiya sama da 100, na injin dizal kuma ya fi haka nesa.

Bincike kafin kwancewa

Wannan yawan wutar ne ke sa laifin wani ya faɗa kan kik. Kan batir da ya yi tsatsa, ko wayar da ke haɗa inji da jikin mota ta saki, na iya kunna fitila lafiya lau amma su kasa ɗaukar nauyin murza inji. Ƙarar «kat-kat-kat» a jere galibi raunin batir ce. «Kat» ɗaya mai ƙarfi ba tare da juyawa ba takan nuna tagullar cikin solonoid ta cinye, ko burushin cikin kik ya ƙare. Idan kuwa kik na gudu fayau inji bai motsa ba, sai a zargi bendis. Cikakken batir na nuna kusan volt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin tayarwa. Wanda ya auna wannan da mita ya tsira daga kwance lafiyayyen kik.

Matakan cirewa

Na farko, wanda ba a sassauci a kansa, shi ne cire kan batir mai alamar ragi. Dalilin a fili yake: kakkaurar wayar da ta taso daga batir zuwa kik tana ɗauke da wuta ko da makulli na aljihu, kuma a motoci da yawa babu fis a kanta. Idan sifana ta haɗa ta da ƙarfen inji, nan take za ta yi jajir, zobe a yatsa ya ƙone fata, tartsatsi kuma ya iya kama fetur.

Idan aikin na buƙatar shiga ƙarƙashi, a bar inji ya huce, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a ɗora motar a kan matokaran ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, kuma bulon siminti na iya rugujewa ba sanarwa. Daga nan a ɗauki hoton wayoyi da wayar hannu, a cire siririyar, sannan babbar. A fara sassauta notocin duka kafin a zare ko ɗaya, a bar wanda hannu ya fi kaiwa ya zama na ƙarshe, ana tallafe da kik ɗin, domin yana da nauyi, kuma barinsa yana reto na iya fasa kunnensa.

Bambancin motoci

Wahalar aikin ta danganta da mazaunin kik. A tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, fili ne a kewayen inji. A injin Toyota mai silinda 8 na Land Cruiser 100 kuwa, kik na kwance a tsakiyar inji ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an ɗage wannan an kuma sake gasket. Irin wannan ya wuce aikin yamma ɗaya, kuma mai hankali zai kai wa ƙwararre.

Kammalawa

Da kik ya fito, a leƙa ramin a duba haƙoran fulawil, domin idan sun gutsure za su cinye sabon bendis. A goge fuskar da kik ke zama, saboda ta nan wutarsa ke komawa batir. Sau da yawa mai gyaran wayarin zai sauya burushi ko tagulla da kuɗi kaɗan, kik na asali ya koma aiki. Abin da mai gyaran gida ya fi buƙata shi ne mita, matokarai masu ƙarfi, da haƙurin bin matakai ɗaya bayan ɗaya.