Daga Ina Kalmar "Leshi" Ta Samo Asali?

Kwanakin baya na halarci buɗar lefe a garinmu Dutsi, sai wata gwaggona ta ɗaga wani farin leshi mai raga-raga, wanda ana hango tafin hannunta ta cikinsa. Ta ce, "Ni 'yar nan, wannan abu kamar gidan sauro shi ne ya ci kuɗin sa guda? Wai ma wa ya raɗa masa suna?" Aka yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai.

Kalmar ba tamu ba ce, daga bakin Turawan Ingila muka are ta, su "les" suke cewa. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare ba wasali, sai ya liƙa mata "i". A harshenmu kuwa "s" in ta haɗu da "i" takan koma "sh", kamar yadda ofis ke zama ofishi. Su ma Ingilishi daga Faransanci suka ɗauko ta, Faransanci kuma daga Latin, inda asalin ma'anarta zarge ko tarko.

A da da hannu ake saƙa irin wannan raga, sai masu hali ke saye. A 1809 wani Bature, John Heathcoat, ya yi rajistar injin saƙa ta a Ingila, ta fara araha. A 1816 aka farfasa masa injunan a Lafbara, ya koma Tibaton da sana'arsa. Faransawa kuwa "tul" suke kiran mai shara-sharar, da sunan wani garinsu.

Leshin ado ya bazu a Nijeriya ne a shekarun 1960, lokacin da 'yan kasuwar Lustenau ta ƙasar Ostiriya suka fara kawo shi Legas. Daga can ya hauro Kantin Kwari, ya iso Daura da Dutsi, ya shige akwatin lefe.

Da na koma na gaya wa gwaggo ma'anar farko, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe shi ya sa!" Tana da gaskiya. Samari nawa ne a ƙauyukanmu suka sayar da gona ko suka ɗage aure saboda kala biyar na leshi? Iyaye mata, a sassauta, kada suturar da aka saya don rufin asiri ta koma ma'anarta ta asali.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.