Faifai na Biyu a Tarihin Adana Bayanai a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Al'adar ajiye takardun hukuma kashi biyu ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin tun a 1667 dokar Faransa ta wajabta rubuta rajistar baftisma da aure da binne mamata sau biyu, ɗaya ta zauna a coci, ɗaya a kai kotu, don kada gobara ɗaya ta cinye shaidar gari. Aikin rajista ya shigo Nijar da mulkin mallakar Faransa, ya kuma bazu yayin da ofisoshi suka yawaita: a 1972 aka yanke Agye daga Tasawa, Gidan Rumji kuma daga Maradi, zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kafa majalisun magadan gari, sannan a 2011 Gazawa ta fita daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta. Kowane sabon ofis ya gaji tulin takardu da gara da yoyon damina ke yi wa barazana.

Na'urar da ta zo ta raba wa takarda wannan nauyi ita ce faifan ajiya, wato ƙarfen da ke riƙe bayanai ta hanyar maganaɗisu ko da an kashe wuta. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1956, yana ɗauke da faya-faye 50 da ke riƙe haruffa kimanin miliyan 5 kacal. A 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na jami'ar Berkeley suka tsara dabarar RAID, wadda ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce rubuta kowane bayani a faifai biyu a lokaci guda, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai ci gaba da aiki. Amfaninta ya fi fitowa a uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ajiya a cikinta, ko da yake tagwayen faya-fayen da ke cikin akwati ɗaya tsawa ɗaya na iya ƙone su, abin da ya sa ba sa maye gurbin kwafin da aka ajiye a wani gini.

A yankin Agye da Gazawa da Gidan Rumji buƙatar faifai na biyu ta samo asali ne daga yanayi da lantarki. Wutar da kamfanin Nigelec ke rarrabawa a jihar Maradi ta daɗe tana zuwa daga Katsina ta layi mai ƙarfin kilobolt 132 da ke sauka a Gazawa, kuma lokacin da Najeriya ta katse ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ofisoshi suka koma kan janareta da hasken rana. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da faifai ke rubutu takan bar bayanai rabi da rabi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Sai dai ƙara faifai yakan zo da tasa matsalar, wato na'ura ta ƙi tashi. Daga 1983 ƙananan kwamfutoci suka riƙa neman umarnin tashi a sashen farko na faifai, mai girman bayit 512, kuma BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin allon na'ura, ita ke zaɓen faifan da za a fara dubawa. Idan ta faɗa kan sabon da babu komai a cikinsa, sai allo ya yi baƙi da saƙon cewa ba a sami manhajar aiki ba. A zamanin faifan IDE masu gyara kan sa tsinke su matsar da wani ɗan roba a bayan faifai don bambanta babba da mabiyi. Da faifan SATA ya zo a farkon shekarun 2000 aka huta da wannan, amma a manhajar aiki ta Linux sunayen faya-faye kan sauya, wanda jiya yake sda yau ya zama sdb, manhajar tashi ta GRUB ta rasa inda za ta nufa.

Maganin da sana'ar ta tsaya a kai shi ne a daidaita jerin tashi a BIOS, a kira kowane ɓangaren faifai da lambarsa ta dindindin da ake ce wa UUID a cikin fayil ɗin Linux mai suna fstab, sannan a girka manhajar tashi a faya-fayen biyu duka. Ƙwararren mai gyara ba ya miƙa aiki sai ya zare wayar faifan farko ya kunna na'urar, ya tabbatar na biyu na iya tayar da ita shi kaɗai, domin a garin da sai an je Maradi ko an tsallaka Kano kafin a sami sabon faifai, wannan gwaji ne ke hana aikin ofis tsayawa cik.