Barcin da Ba Barci Ba

Mutumin zamanin nan in an ce za a yi masa fiɗa a asibiti, abin da ya ke fara tambaya shi ne ko zai farka. Mutanen da ba wannan ne ya dame su ba, gama su ido biyu a ke yanka su. A Turai, kafin shekarar 1846, ƙarti a kan samo su danne majinyaci bisa tebur, a ɗura masa barasa ko wani abu mai sa maye, sa'an nan likita ya sa wuƙa. Gwani a wancan zamani shi ne mai sauri. Wani likitan Landan, Robert Liston, ya yi suna ne saboda yakan raba mutum da ƙafarsa cikin 'yan mintoci. Ciki da ƙirji kuwa ba safai a ke taɓa su ba.

An daɗe ana neman mafita. A shekarar 1804 wani likitan ƙasar Japan, Hanaoka Seishu, ya haɗa magani da zaƙami, watau haukata-yaro ɗin nan namu, da waɗansu saiwoyi, ya ba wata tsohuwa ta sha, hankalinta ya gushe, ya cire mata ciwon daji daga mama. Amma a lokacin Japan ta rufe ƙofarta ga baƙi, saboda haka labarin bai yaɗu ba.

Abin da ya game duniya a Amurka ya faru, a wani asibitin birnin Bostan, ran 16 ga Oktoba 1846. Wani mai cire haƙori, William Morton, ya shaƙa wa wani saurayi tururin wani ruwa mai saurin tashi da a ke kira eta. Saurayin ya yi laƙwas, babban likita John Warren ya yanke masa ƙari a wuya, bai yi kururuwa ba. Kafin shekarar ta ƙare Liston ma ya gwada a Landan. A 1847 James Simpson na Edinbara ya fito da kulorofom, wanda ya fi eta ƙarfi da daɗin shaƙa.

Murna ba ta daɗe ba. A watan Janairu 1848 wata yarinya 'yar shekara 15 a Ingila ta shaƙi kulorofom don a cire mata farcen ƙafa, nan take ta cika. Wannan ya nuna tsakanin abin da ke kawar da hankali da abin da ke kawar da rai tazarar kaɗan ce. A ganina wanda ya fi cancantar yabo cikin mutanen nan duka shi ne John Snow, ko da ya ke ba shi ya gano maganin ba. Shi ya zauna ya auna yawan tururin da ya kamata a ba mutum, ya rarrabe matakan da majinyaci ke bi tun daga maye har zuwa inda numfashi ke neman tsayawa. Shi ne kuma ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya kulorofom sa'ad da za ta haihu a 1853, daga nan masu suka suka yi sanyi.

To, ga abin mamaki. An shekara fiye da ɗari ana kwantar da mutane da magungunan nan, ba wanda ya san yadda su ke aiki. A 1899 da 1901 waɗansu masana biyu, Meyer da Overton, suka lura cewa gwargwadon yadda magani ke narkewa cikin mai, gwargwadon ƙarfinsa. Aka zaci kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya ke jiƙawa. Sai a 1984 Franks da Lieb na Landan suka gwada magungunan a kan sinadarin da ke sa makesu haske da dare, wanda babu kitse a cikinsa, suka ga hasken ya dushe. Daga nan aka koma duban waɗansu 'yan ƙofofi ƙanana da ke jikin jijiyoyi, inda saƙo ke shiga da fita. Yawancin magungunan, kamar furofofol, farin ruwan nan mai kama da madara da a ke yi wa mutum allurarsa yanzu, ƙarfafa ƙofofin da ke tsai da saƙo su ke yi.

Mai karatu ya kwatanta ƙwaƙwalwa da ƙasar sarki. Hakimai suna nan, dagatai suna nan, kowa na aikinsa a garinsa, amma an tsare manzanni a hanya, ba takardar da ke isa fada, ba wadda ke fita. Haka na'urorin awo suka nuna: kunne na iya karɓar ƙara, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ji ya amsa, amma labarin ba ya wucewa zuwa sauran sassa, saboda haka babu wanda ya ji. Ashe hayyacin mutum ya dogara ne ga zirga-zirgar saƙo tsakanin sassan nan. Shi ya sa sunan allurar barci da mu ke ba ta bai dace sosai ba. Mai barci in an tsunkule shi zai tashi, in ya farka kuma ya san dare ya yi nisa. Wannan kuwa ya fi kama da dogon suma da likita ke riƙe da linzaminsa, mutum ya rufe ido ya buɗe, ya tarar sa'a huɗu sun wuce bai san inda suka bi ba.

Rashin motsi ma dabam ya ke da gushewar hankali. A 1993 aka gwada da awaki a Amurka, aka ba ƙwaƙwalwa kaɗai magani ban da sauran jiki, sai da aka ba da fiye da ninki biyu kafin akuya ta daina zabura. Watau a laka a ke tsai da motsi. Tun 1942 kuma likitoci ke ƙara wani magani mai saki tsoka, wanda asalinsa dafin kibiya ne na mutanen Amurka ta Kudu. Ya sauƙaƙa fiɗar ciki ƙwarai, amma ya zo da nasa hatsari, domin in maganin kawar da hankali ya gaza, mutum na iya farkawa yana ji, ba halin motsi balle magana. Abin ba kasafai ya ke faruwa ba. Saboda irinsa ne a ke ajiye ma'aikaci guda a wajen kan majinyaci, ba ruwansa da wuƙa, aikinsa duban numfashi da bugun zuciya da yawan maganin da ke shiga, tun daga kwanciya har farkawa. Shi ne kuma ke hana cin abinci sa'a shida kafin fiɗa, domin wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya tari, in ya yi amai sai ya gangara cikin huhu.