Bindigar Toka: Mun Saya, Ba Mu Ƙera Ba

Duk ranar hawan Sallah a nan Lafiya, in 'yan bindiga suka saki wuta, hayaƙi ya turnuƙe, yara sai sowa. To amma mutum nawa cikinmu suka san hanyar da wannan bindiga ta biyo har ta iso mana?

Sunan kansa baƙo ne, daga Larabci muka aro shi, wato bunduƙiyya. A Barno, ƙasar da Muhammadu Dunama ya fito kafin ya kafa Lafiya, an san bindiga tun ƙarni na 16. Limamin Mai Idris Alooma, Ahmad bin Furtuwa, ya rubuta cewa sarkin yana da Turkawa maharba da bayin da aka koya wa harbi. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunanta ya nuna an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), kuma Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Irin wadda ta fi yawa ita ce mai ƙanƙara. A ɗura albarushi ta baki, a sa harsashi, a danna da sanda. In an ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Harbi ɗaya sai an sake ɗuri, shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga. In ruwan sama ya jiƙa albarushi kuwa, sai ta zama sanda. Don haka doki da mashi da baka suka daɗe suna riƙe da fagen fama.

Ina ake ƙera su? Da yawansu a birnin Bamingam na Ingila, inda unguwa guda aikinta ke nan: wani ya yi bututu, wani kunama, wani ƙota. Daga can jirgi ya kai su bakin teku, suka hau Kwara da Binuwai, fatake suka shiga da su cikin ƙasa. Abin takaici, sau da yawa da 'yan Adam aka biya kuɗinsu, domin cinikin bindiga da cinikin bayi tare suka yi tafiya.

Maƙeranmu ba su yi barci ba. Sun iya gyara, har suka iya kwaikwayo, amma ɗaya bayan ɗaya, da masaba da zuga-zugi. Can kuwa an sake dabara. A 1798 gwamnatin Amurka ta ba Eli Whitney kwangilar bindiga 10,000. Bayan 1820 wani John Hall ya yi nasarar sa inji ya yanka sassan bindiga daidai wa daida, yadda in kunamar wannan ta karye, ta waccan za ta shiga ba sai an goga ba. Bayan 1850 Ingila ma ta sayo irin waɗannan injuna don masana'antarta ta Enfield. A 1884 Hiram Maxim ya fito da bindiga mai ruwa, mai zubo ɗaruruwan harsasai a minti ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙar. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal, suka hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, amma suka bar kasuwar mai ƙanƙara a buɗe. Wato tsohon yayi namu, sabo nasu. Bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, Nasara suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Ba jarumtaka iyayenmu suka rasa ba.

Ni ɗan kasuwa ne, na san mai saye yana hannun mai ƙerawa. Abin da ya ga dama shi zai sayar maka. Ba cewa nake a koma ƙera makami ba, doka ta hana, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Cewa nake, yau ma injin niƙa da famfo da kayan babur duk saye muke yi. In yaronka ya nuna sha'awar ƙira ko walda ko kanikanci, kada ka raina masa. Haɗa masa da karatu, na addini da na boko.

Allah Ya sa mu gane, amin. Wassalam.