Jan Kati da Darasin 1976

Duk wanda ya saba kallon wasannin ƙananan rukuni a Darur Riyada ta Omdurman ya san abin da ke biyo bayan jan kati: 'yan kallo su miƙe, a yi ta ihun cewa alƙalanci ya gaza, wani lokaci har da jifa. Wannan fushi yana da tarihi.

Katin kansa baƙo ne. An fara amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, shekarar da Sudan ta doke Ghana da ci 1 da nema a Khartoum, ta ɗauki kofin Afirka. Bayan shekara shida, hargitsin 'yan kallo a wasan Hilal da Merrikh ya ba Shugaba Ja'afar Numeiri hujja. A 1976 ya rusa kulob-kulob, ya shelanta abin da ya kira wasannin jama'a. Manyan 'yan wasa suka watse zuwa ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, kuma ko da aka janye dokar, an daɗe ana jinyar raunin.

Mu Hausawan Mayo da Ingaz mun fi kowa sanin darajar fili, domin a nan ne ba a tambayar yaro asalinsa kafin a ba shi ƙwallo. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sake rufe filayen, har Hilal da Merrikh suka koma buga gasar Muritaniya. Alƙali yakan yi kuskure, mu kuma muna da haƙƙin ƙorafi. Amma wanda aka kora yana dawowa mako mai zuwa, filin da aka rufe kuwa sai an shekara ana jira.