Tarihin Gyambo, daga Ƙafar Kuturu zuwa Ƙafar Dattijo

A zamanin kakanninmu, idan aka ambaci gyambo, wato mikin nan da ke shekara yana tsiyayar mugunya ya ƙi haɗe baki, zuciya ba ta kai wa ga dattijo, sai ga yaro makiyayi da ƙaya ta soka a ƙwauri, ko kuwa ga kuturu. Jama'a sun yi itiƙadi cewa kuturta cin nama take yi, tana zubar da yatsu ɗaya bayan ɗaya, kuma hatta bayan da likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar a 1873, likitoci da yawa ba su bar wannan zato ba. A kan wannan fahimta aka riƙa jinyar mutane a sansanonin kutare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato.

Wanda ya warware al'amarin shi ne Paul Brand, likitan fiɗa Bature ɗan Ingila, wanda ya sauka Vellore ta ƙasar Indiya a 1946. Da ya zauna da marasa lafiya, yana duba tafin ƙafarsu safe da yamma, sai ya tabbatar cewa abin da cutar ke kashewa shi ne jijiyar jin zafi. Mutum yakan wuni tafe da ƙusa a cikin takalmi, ko ya ɗauki tukunya daga kan murhu, bai sani ba, har ma ɓeraye su gaigayi yatsunsa da dare yana barci, abin da ya sa aka riƙa sallamar wasu da kyanwa. Ashe raɗaɗin da ɗan Adam ke neman tsari da shi ni'ima ce daga Ubangiji, wadda ba a sanin ƙimarta sai an rasa ta. Maganin da ya bayar mai sauƙi ne: a ɗauke wa miki nauyin jiki da ɗaurin siminti irin na karaya, a ɗinka takalmi mai taushi daidai da ƙafa, a duba ƙafar kullum.

Bayan ya koma Carville ta Amurka a 1966, sai ya ga illar nan ita ce dai ke samun masu ciwon sukari, waɗanda akasarinsu manya ne. A nan tarihin ya juyo kanmu. Haɗaɗɗen maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981 ya karya lagon kuturta, alhali kuwa tsawon rayuwar mutane na ƙaruwa, ciwon sukari na yaɗuwa, ga kuma mai shanyewar ɓarin jiki da doguwar kwanciya ke huda masa kwankwaso. Gyambo ya ƙaura zuwa ɗakin dattawa.

Abin da ke damuna, kuma lalle ya cancanci ya dami kowa, shi ne ilimin da aka tara a kan kutare da wahala mai yawa bai bi gyambon zuwa sabon masaukinsa a wurinmu ba. Dattijo yana tsefe yatsun ƙafarsa a kowace alwala, amma ba wanda ya gaya masa ya dubi tsakaninsu ko fata ta tsage. In miki ya fito, sai a yi ta shafa masa zuma da garin magani wata da watanni yana takawa a kai, ba a isa asibiti ba sai ruɓa ta kai ƙashi, lokacin da likita ba shi da abin da zai yi shawara a kai face inda za a yanke.